Rasuwar Darakta da Akawu a Tsakiyar Tafkin Jabi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalman da har yanzu ba su gama bushewa ba, Alhaji Dallatu Abdulmajeed, tsohon daraktan sashen haɗe sassa a wata ma'aikatar tarayya, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa harkar wutar lantarki a Babban Birnin Tarayya ta yi rashin da ba ta taɓa yin irinsa ba tun da gwamnati ta taso daga Legas. Batura biyu na jirgin ruwansa mai inji, waɗanda aka fi sani da Darakta da Akawu, sun cika tare ranar Asabar da la'asar, a tsakiyar Tafkin Jabi, a gaban shaidu masu yawa waɗanda babu mai iya iyo a cikinsu.

Marigayan sun shigo hannun Alhaji ne tare da jirgin, bayan ya yi ritaya ya lura cewa mutum mai matsayinsa bai kamata ya ƙare rayuwarsa a kan tudu kaɗai ba. Ya saye shi a wajen Madam Perpetual, wadda ta yi shekaru tana aikin tashar jiragen ruwa, ta kuma ƙosa da zaman Abuja za ta koma garinsu. A ƙarƙashin kujerar baya ya sami baturan, kowane a cikin akwatinsa, kafaɗa da kafaɗa, kuma a ranar ya raɗa musu suna.

Darakta aikinsa ɗaya ne a duniya: tayar da inji. In an murɗa makulli sai ya zuba ƙarfinsa gaba ɗaya, ya ce "gurr-gurr-buuum!", sannan ya naɗe hannu ya zauna inji yana ciyar da shi caji har sai an sake nemansa. Akawu kuwa bai iya tsawa ba. Kaɗan-kaɗan yake bayarwa, wuni guda cur: fitilu nasa ne, firji nasa ne, lasifika tasa ce, haka ma ɗan famfon da ke kwashe ruwan da ke tsattsafowa cikin jirgi. Daga kowanensu jar waya ke fita da wuta, ta bi ta fis, baƙar waya ta dawo da ita, domin jikin jirgin ba ƙarfe ba ne irin na mota balle wuta ta bi ta cikinsa ta koma gida. Wannan tsari ya burge Alhaji ƙwarai. Ya ce a duk shekarun aikinsa bai taɓa ganin ofishin da kowane fayil in ya fita yake dawowa ba sai nan.

A tsakaninsu akwai wani jan makunni mai faɗin murfin kwano, da wuraren tsayawa huɗu: ɗaya, biyu, duka, kashe. A kansa Madam Perpetual ta ɗora yatsa ranar da ta miƙa makulli.

"Oga, ka ji ni da kyau. In ka kashe inji, ka sa shi a biyu. Wannan na ɗaya, ba ruwansa da firji, ba ruwansa da waƙa, shi ne zai kai ka gida. 'Duka' ɗin nan na ranar wahala ne. Kar ka haɗa su kana shan iska, ka ji ko?"

Alhaji ya gyaɗa kai ya ce, "An lura, Madam." Waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa sun san abin da ke faruwa da maganar da aka lura da ita.

An shaidi marigayan da kyawawan halaye. Ba su taɓa tafiya yajin aiki ba. Ba su taɓa neman alawus na zama kan ruwa ba. Akawu musamman mai kawaici ne. Ko an manta fitila a kunne ba ya kai ƙara, sai dai ya ɗan rage haske cikin ladabi.

Ciwon ajalin ya samo asali ne daga siyasa. Rukunin gidajen da Alhaji yake zaune a hanyar Kubwa ya sa ranar Lahadi don zaɓen shugaban kwamitin wuta, kuma Alhaji, wanda tun da ya bar ofis bai sami abin da zai haɗe ba, ya tsaya takara da manufa guda: kowane gida da inbatarsa, da solarsa, da janaretonsa, wannan almubazzaranci ne, a haɗe su duka a kan layi ɗaya, kowa ya ɗiba. Abokin karawarsa, Barista Nasrullahi na gidan kan kwana, manufarsa ta fi gajarta: kowa ya riƙe nasa. Mai ɗakin Alhaji, Hajiya Rekiya, wadda ke da ƙatuwar firiza a sito da inbatarta daban, tana sayar wa ofisoshi kunun aya, ta shiga yi wa mijinta kamfe gida-gida da himmar da ta ba maƙwabta mamaki.

Da ya ga mutane suna jin bayaninsa suna duban agogo, sai Alhaji ya gayyaci masu zaɓe shan iska a kan tafki ranar jajibiri, domin su gani da idonsu. Aka cika jirgi har da Barista, wanda ya ce shi ba ya ƙin gayyata in akwai nama. A tsakiyar ruwa Alhaji ya kashe inji, ya ɗaga kujerar baya, ya gyara zaman hularsa ta kyaftin.

"Jama'a, ku duba nan. Wannan yana kwance ciki cike da caji, wancan yana ta bauta shi kaɗai. To, halin da rukuninmu yake ciki ke nan. Yau a gabanku zan kawo ƙarshen wannan zalunci."

Ya kama jan makunnin ya murɗa shi zuwa "duka". Aka yi tafi. Wata baiwar Allah har da guɗa.

Daga nan marigayan suka shiga hidimar jama'a ba ji ba gani. Aka ƙure lasifika. Aka cika firji. Aka jona butar shayi ta lantarki a ƙaramar inbatar jirgin, ta tafasa, aka sake cikawa, ta tafasa, aka sake. Aka fito da injin markaɗe don kankana. Kowa ya laluba aljihu ya fito da waya da igiyar caji, Barista kuma ya fito da wayoyi biyu da fitilar gidansa da askar aski.

"Ranka ya daɗe, tunda wutar ta kowa ce, ai kasona nake ɗiba," in ji shi.

"Ɗibi, Barista, ɗibi! Haɗin kai ba ya ƙarewa."

Alamun farko sun bayyana ne a muryar mawaƙin da ke cikin lasifika, wadda ta yi kauri kamar mura ta kama shi, sannan ya yi shiru a tsakiyar kirari. Firji ya yi ajiyar zuciya. Buta ta tsaya a ɗumi. Alhaji ya yi murmushi irin na wanda ya saba kwantar da hankalin 'yan majalisa, ya ce bari a ɗan tayar da inji a ciyar da yaran. Ya murɗa makulli. Darakta, wanda bai taɓa sanin aikin shayi ba sai ranar, ya ce, "gurr... rrr..." Aka sake. Ya ce, "ƙyat, ƙyat." Alhaji ya mayar da makunni zuwa ɗaya: "ƙyat." Ya kai shi biyu: Akawu bai ce komai ba, kamar yadda ya rayu. Wannan "ƙyat" ita ce kalmar ƙarshe da aka ji daga gidan.

Iyalan suna so a sani cewa marigayan sun tafi a daidai, babu wanda ya bar duniya da ɗigon caji fiye da ɗan uwansa. Alhaji ya bayyana wa fasinjoji nan take cewa wannan shi ne ainihin abin da manufarsa ta yi alkawari.

Ba kowa ne ya saurara ba, domin famfo ya tsaya, ruwa kuma ya fara gaisawa da takalma. Barista ya cire murfin kular abinci ya shiga tuƙi da shi ta gefe ɗaya, jirgi ya kama juyawa a wuri guda, har masu neman alƙibla don la'asar suka ga ta wuce ta gabansu sau da yawa ba ta tsaya ba. Mai guɗa ta koma salati. Ana cikin haka Allah ya kawo wani kwale-kwalen haya mai siffar agwagwa, irin wanda ake tuƙawa da feda, ɗauke da wasu ma'aikatan jinya biyu, Felicity da Prudence, da suka fito hutun mako.

"Baba, lafiya? Kun yi ta zagaye tun ɗazu, mun ɗauka wasa ne!" in ji Felicity.

"Muna gwaji ne, 'yata," in ji Alhaji. "Kuna da igiya?"

Da rawanin wani dattijo aka ɗaura jirgin a wutsiyar agwagwar. Haka aka shigo da gawarwakin bakin gaɓa a hankali, 'yan mata biyu suna feda suna haki suna dariya, Alhaji yana tsaye riƙe da sitiyari cikin natsuwa, yana ba da umarni.

Marigayan sun rasu sun bar inji guda, wanda tun ranar bai ce uffan ba. Da firji mai ɗumi. Da fis, wanda ya rantse babu hannunsa. Da jan makunni, wanda za a kafa kwamiti ya binciki rawar da ya taka. Sun kuma bar magada masu yawa, wato wayoyin fasinjoji, kowace cike fal da cajin gado, wanda suka kashe wajen ɗaukar bidiyon agwagwa da tura shi zauren hirar waya na rukunin gidaje kafin a sauka.

An yi zaɓe ranar Lahadi kamar yadda aka tsara. Alhaji ya sami ƙuri'arsa, ya sami ta Hajiya Rekiya. Da matan unguwa suka yaba mata wannan biyayya, sai ta ce, "Wace biyayya? So nake a ba shi wutar unguwa ya je ya yi ta haɗawa, ko ya manta da tawa." Alhaji ya karɓi sakamakon da dattaku, ya taya Barista murna, ya ce al'umma ba ta kai ga fahimtarsa ba tukuna, sannan ya koma gida da lokaci mai yawa a hannunsa, ya tsaya a ƙofar sito ya daɗe yana tunani.

Za a ɗauki marigayan ranar Talata da hantsi daga gidan Alhaji zuwa wajen 'yan gwangwan a Pantekar Mpape, inda za a ɗora su a sikeli kafin a sada su da makwancinsu. Ba za a yi musu wanka ba. Ruwan da suka gani ya isa. Ana roƙon masu rakiya kada su taɓa kawunan marigayan da hannu, kada kuma wani ya zo da igiyar caji. Madam Perpetual ta aiko da ta'aziyya ta waya, sai dai ba a ji abin da ta ce ba saboda dariya ko kuka.

Cikin ikon Allah an riga an sami waɗanda za su gaje kujerunsu. Batura biyu ne ƙarfafa, masu tarbiyya, 'yan gida, waɗanda Alhaji ya yi musu canjin wurin aiki daga sito zuwa tafki ranar Litinin da safe, lokacin da Hajiya ta tafi kai kaya ofisoshi. Tuni ya raɗa musu suna.

Za a yi zaman makoki a gida har zuwa Alhamis. Hajiya Rekiya, wadda ta dawo ta leƙa sito, ta ga wayoyin wuta huɗu suna lilo a bayan firiza inda baturan inbatarta suke a da, ta ja ƙofa ta rufe, ita ce ta ɗauki nauyin abin sha. Za a raba wa masu ta'aziyya kunun aya kyauta, gora-gora, duk wanda ya zo ya tafi da na iyalinsa. Ana roƙon jama'a su zo da wuri, su kuma sha da wuri.