Sandar da Ba Ta Sauko Ba

Shekarar da aka yi wasannin Olamfik a Sin, ni da Alhaji Sani, abokin fataucina, muka shiga shagon ganguna da begila a unguwar Liwan, can ƙasar ta Sin. Ina ganin sandar manjo, jagoran badujala, ƙuruciya ta motsa.

"Alhaji, shekara talatin baya ni ke jan faretin makarantarmu. In na wulla wannan sama, sai na juya sau biyu kafin in cafe."

"Da wannan tumbin?" in ji shi.

Wannan magana ita ta jawo komai. Na naɗe babbar riga, na buga ƙafa, mai shago har ya ɗauki ganga yana kaɗa mini. Hagu, dama, na wulla!

Na manta filin makarantarmu ba shi da silin. Sanda ta huda silin shagon, ta maƙale. Ni kuwa na yi juyina biyu cif, ƙirji a gaba, hannu a buɗe, ina jira. Ƙura ce kawai ta zubo mini a hula.

Mai shago ya leƙa tafin hannuna, ya ce, "Meyo." Wato babu.

Har yau, in muka haɗu a masallacin Juma'a, sai Alhaji ya ɗaga kai sama tukuna: "Manjo, ta sauko kuwa?"