Bakin Kifin Nek Sepiah

"Lafiya lau, Nek. Ke har yanzu kina nan? Na ɗauka zan tarar ana rabon gado."

"Gadon wa, ɗan nema? Kai za ka riga ni. Dubi idonka kamar na kifin da ya kwana a kasuwa. Cire takalmi ka hau."

Hilmi ya hau barandar kakarsa, ya sauke jakar kwamfuta, ya zube a tabarma. Tun safe yake shagonsu a cikin Melaka yana zana kayan gyaran inji, bayansa har ya ƙage. A gabansa ga abin da ya kawo shi: katakon yin putu, wani kayan zaƙi na Sallah, na Nek Sepiah, mai ramuka masu siffar kifi, wanda ake danna garin wake da sukari a ciki, a buga, a shanya a rana. Marigayi Tok Jantan, mijinta, shi ya sassaƙa mata shi. Yanzu ya tsage, an ɗaure shi da waya, kuma tsagar ta bi ta bakunan kifayen ta cinye su. Azumi na ƙofa, matan unguwa sun fara aiko da gwangwanayen Sallah. In babu katako, babu putu bana.

Jiya Hilmi ya ɗauki hoton katakon ta kowane ɓangare, manhaja ta haɗa siffarsa. Saura gyara, sannan injin shagonsu ya sassaƙa sabo.

Nek ta leƙo fuskar kwamfutar. "Wannan kuma fa? Na ce ka kawo mini katako, ka kawo mini ragar kamun jatan lande."

"Haka kowane abu yake a nan ciki, Nek. Raga ce. Kin ga inda ta yage? Nan tsagar take. Akwai wani ɗan ƙari da zan sauke in ɗora wa manhajar, shi ke ɗinke raga."

"Ita manhajar ba ta iya ba sai an yi mata ciko? Ashe irinka ce. Kai ma sai da aka haɗa da malamin gida ka ci jarrabawa."

"Ke da ba ki taɓa shiga aji ba sai ranar da ruwa ya kore ki."

"Kuma na aurar da 'ya'ya bakwai. Kai ko kyanwa ba ka aurar ba."

Ya sauke ɗan ƙarin, ya nuna wa manhajar inda yake, ya danna. Wani jan rubutu ya fito.

"Me ta ce?"

"Wai manhajata ta tsufa, ba za su zauna tare ba."

"Ka ji rashin kunyar 'yan zamani. To ka ce mata ni ma na tsufa, kuma ga ka a barandata."

"Ke ai ba a sabunta ki. An nemi kayan gyaranki an rasa, kamfanin ya rufe tun zamanin Turawa."

Ta ɗaga muciya. Ya kauce, ya nemo wanda ya dace da tasa manhajar, ya ɗora, ya sa alama a ɗan akwatin kunnawa, ya rufe komai ya sake buɗewa.

"Sai an kashe an kunna? Haka kakanka yake. Sai ya yi barcin rana yake gane magana."

Sabon jerin maɓallai ya bayyana a gefe. Hilmi bai tsaya dogon bayani ba, ya zaɓi ragar duka, ya danna na ɗinki. Ramukan suka rufe. Ya juya siffar yadda putu zai fito, ya tura mata kwamfutar. Ga kifi sumul, ƙaya a jere, baki a miƙe kamar an ja da ma'auni.

"Gani ya kori ji. Sai ki fara yi mini kirari."

Nek ta gyara tabarau. Ta daɗe tana kallo.

"Kifin wa ye wannan?"

"Naki."

"Ƙarya kake. Wannan kifin a banki yake aiki. Dubi bakinsa, kamar zai ce in cike takarda. Nawa bakinsa a karkace yake."

"To ai na gyara miki shi kyauta."

"Garin neman gira ka rasa ido! Duk kasuwa putu ne, ɗan nema, gari ɗaya, sukari ɗaya. Da me kake zaton ake gane nawa a faranti ranar Sallah? In na kai wa maƙwabciyata Mak Limah wannan, cewa za ta yi sari na yi a kanti na zuba a gwangwanina. Gara in ce bana ba ni da lafiya."

Hilmi ya shafa ƙeya. Wannan karon ba wasa a muryarta. Ya ɗauki tsohon katakon ya duba. Inda bakin yake babu komai sai tsaga, ɗan ƙarin kuwa ya cike gurbin da abin da ya ga dama.

"Ba ki da hoton putun?"

"Wa ke ɗaukar hoton abinci in ba ku ba? Mu ci muke yi."

"To faɗa mini yadda yake."

Ya canza maɓalli zuwa wanda ke jan zaren raga ɗaya-ɗaya, ya kama gefen bakin da linzamin kwamfuta, ya ja.

"Ba haka ba. Wannan dariya yake."

Ya ja ƙasa.

"Yanzu kuma kuka yake, kamar kai ranar kaciya."

"Nek, a gaban mutane?"

"Wane mutane? Kaji ne. Ja hagu. Hagunka, ba na maƙwabta ba! Wai da wannan hannun ake biyanka albashi?"

"Da shi nake saya miki maganin gwiwa."

"Shi ya sa gwiwar ta ƙi warkewa."

Ya ja, ya mayar, ya sake ja. Kifin ya yi hamma, ya yi fito, ya yi kamar an taka masa jela. Nek ta ƙule. Ta harɗe hannuwa, ta ja tsaki, ta turo leɓen ƙasa gefe guda, kumatun hagu ya ɗan tattare.

Hilmi ya ɗago zai yi magana, sai ya tsaya. Ya dubi kakarsa. Ya dubi kifin.

"Nek, kar ki motsa."

"Me kuma?"

"Tsaya haka. Kar ki gyara fuska."

Ya ja leɓen kifin ƙasa, ya tura shi gefe, ya ɗan tattare kumatun, yana ɗagowa yana kallonta kamar tela mai awo. Sannan ya juyo mata da kwamfutar.

Ta buɗe baki. "Shi ne! Wallahi shi ne! A ina ka samo?"

"A gabana yake zaune. Nek, ranar da Tok ya sassaƙa katakon nan, faɗa kuka yi?"

Ta dubi kifin, ta kai hannu ta taɓa leɓenta.

"Ya sayar mini da akuya bai faɗa mini ba," ta ce a hankali. "Mako guda ban yi masa magana ba. Yana zaune can bakin matakala da ɗan kurfinsa na sassaƙa, yana satar kallona. Na ɗauka nadama yake."

"Shi kuwa awo yake."

"La'ananne! Allah Ya jiƙansa. Shekara da shekaru ina raba wa gari fuskata, suna ci da shayi!"

Dariya ta ƙwace mata har tabarau ya zame, tana share ido da gefen mayafi. Hilmi ya yi maza ya adana aikin kafin ta ce a canza.

"In miƙe bakin, ko a bar shi?"

"Taɓa shi ka gani." Ta tura masa tsohon katakon da muciya. "Ɗauki wannan, na ba ka. Ka kai injin naku ya yi sabo. Farantin farko naka ne, ka ci kakarka ka ƙoshi."