Malam Kar-Ku-Damu da Tafkin Tsakiyar Rani

Ku rufa mini baki! Duk duniya ba ku ga abin tambaya ba sai dalilin da ya sa ƙofar maƙwabcinmu take buɗewa cikin kwata? Ba ku iya wanke kwano ba, amma kun iya bin diddigi. To ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

Malam Kar-Ku-Damu muke ce masa, don ko gobara ce ta tashi abin da zai ce ke nan. Da labari ya zo cewa wani kamfani zai gina ƙaton kanti a filin bayan gidajenmu, inda muke shanya, iyayenku suke ƙwallo, sai unguwa ta taru. Gogan ya miƙe ya bugi ƙirji har ya yi tari.

"Kar ku damu! Shugaban kwamitin tsara gari ai benci ɗaya muka zauna a makaranta, ni nake ba shi amsa. In aka aza bulo ɗaya a filin nan, ku aske mini gemu!"

Wanzami ya ce, "Na ji, na kuma riƙe."

Matar Malam ta ce, "Maigida, a je a yi musu bayani kamar kowa mana."

"Ke, zauna. Bayani na marasa dabara ne."

Ashe ya tsinci zance cewa kwamiti ba ya yarda a yi gini inda ruwa yake kwanciya. Ranar da za su zo duba fili, tun da sassafe ya jona tiyo a famfon gidansa, ya zura ta ƙarƙashin katanga, ya saki ruwa. Tsakiyar rani, ku ji fa, ƙasa har ta tsage don ƙishi! Kafin hantsi fili ya zama tafki, agwagin maƙwabta suna ta murna. Ya rufe tiyon da ƙasa, ya zuba farar babbar riga, ya yi wanka da turare.

Mota ta tsaya. Wata mace ta fito da tabarau da takalmin roba, sa'ar 'yarsa. Ya wuce ta kamar bai gan ta ba, ya rungume wani mai furfura.

"Abokina! Tsufa ya zo!"

"Baba, ni direba ne. Ga shugaba can."

Wanzami ya ɗaga murya daga baya, "Malam, da ita kuka yi bencin?"

"Babanta nake nufi, sarkin surutu!"

Ya juya ya washe baki. "Ranki ya daɗe, ga shi kin gani da idonki. Filin nan kogi ne. Kullum haka yake."

Ta dubi sama, ba ko ɗigon gajimare. Ta dubi hanya, ƙura ce ke tashi. "Baba, an yi ruwa ne?"

"Kamar da bakin ƙwarya!"

"A filin nan kaɗai?"

"Ikon Allah, 'yata. Ba a tambaya."

Ya taka gaba don ya nuna mata zurfi, ƙafarsa ta harɗe da tiyo. Tim! Ya zauna cikin taɓo, hula ta kama hanya, bakin tiyo ya miƙe kamar maciji yana feshe shi a fuska. Shugaba ba ta ko yi murmushi ba.

Ta ce, "Inda ruwan ya fito na gani. Ni aikina in san inda ya kamata ya tafi. Ina magudanar unguwar nan?"

Su masu tsara gari haka suke aiki, bin ruwa suke yi da ƙafa. Ta bi kwata, unguwa ta bi ta, shi kuma yana biye yana ɗiga. Kwata ta tafi, ta tafi, sai ta ɓace ƙarƙashin wani ɗaki mai shuɗin fenti, wanda Malam ya yi a jikin gidansa don karɓar manyan baƙin da ba su taɓa zuwa ba.

"Wannan ginin na wa ne?"

Da mai hankali ne da ya yi shiru. Amma an taɓo abin alfaharinsa.

"Nawa ne, ranki ya daɗe! Da kaina na tsara. Wani banzan rami ne a nan, na cike shi da kankare, ko giwa ta taka ba zai motsa ba!"

Matarsa ta ɗora hannu a ka.

Shugaba ta ce, "To madalla. Dā muna shakkar filin nan, don an ce da damina ruwa yana kwanciya. Yanzu mun ga abin da ya tare shi. A cire ɗakin nan, fili zai bushe, gini ya halatta."

Aikin farko da katafilar kamfani ta yi a unguwar nan, ɗakinsa ne. Ƙofar ciki kawai aka bar masa, ita ce kuke gani. Ranar da aka aza bulon farko, wanzami ya iso yana wasa aska a tafin hannu, ya zaunar da shi a gaban jama'a.

Ya ce, "Kar ka damu, Malam. Gemu ai yana sake tsirowa. Ba kamar ɗaki ba."

Mu kuwa har yau a kan katanga muke shanya. Dariyar me kuke yi? Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya nufi shimfiɗarsa. Wanda na ji motsinsa, ni da shi ne!