Ministan da Ke Tuƙa

A can ƙasar ƙanƙara, inda duwatsu ke tsoma ƙafa cikin teku, dabbobi kashi biyu ne. Na bakin ruwa suna da kifi, suna da majalisa. Na kan tudu suna da 'yan gonaki a gangare, kuma duk sanyi gwamnati na hau musu da harawa, don in babu ita ba mai kai bazara.

Da guna-guni ya yi yawa a tudu, sai Zalɓe, shugaban majalisa, ya ce a nemo manomi a ba shi minista. Aka sauko da Dungu, takarkarin da wuyansa ya yi kanta saboda huɗa. Ranar tafiyarsa tsohuwar akuya, Iya Kandala, ta raka shi har bakin hanya.

"Ɗan nan, abu ɗaya muka aike ka. Kada a taɓa mana harawa."

"In Allah ya yarda, Iya."

To, al'adar tudu ita ce ba a amsa babbar magana sai an haɗiye ta, an kwanta, an dawo da ita an yi tuƙa. Mai amsawa nan take mara kunya ne. Dungu ya sauko da wannan ladabi birni, inda ba wanda ke da ciki irin nasa.

Rannan Zalɓe ya miƙe a ƙafa ɗaya.

"Ya ku 'yan majalisa masu girma, ba mai ƙaunar tudu kamarmu. Saboda ƙaunar ce muke ganin wahalar hawa da harawa ta isa. Su sauko, mu zauna tare. Ranka ya daɗe Minista, akwai ja?"

Dungu ya ji abin har ƙashinsa. Ya haɗiye, ya ce a ba shi lokaci. Aka ba shi, da girmamawa, aka kuma kaɗa ƙuri'ar tsayar da harawa kafin a tashi.

Ya yi ta tuƙa. Ƙanƙara ta rufe hanya, yana tuƙa. Da ta narke ya miƙe ya yi jawabin da majalisa ba ta taɓa jin irinsa ba: ya ambaci gonaki da sunayensu, da waɗanda suka share duwatsunsu. Har Zalɓe ya share ido. Aka yi tafi, aka ƙara masa ma'aikatar gandun daji, tunda tudun ya zama daji.

A bakin ƙofa ya tarar da Iya Kandala, ta rame, tana tsintar ƙayar kifi a bola.

"Iya, na faɗa musu. Wallahi ban rage komai ba."

"Mun ji, ɗan nan. Mu da muka saura duk mun ji, ai kusa muke yanzu."

Dungu ya haɗiye maganar, ya koma ciki, don an kira zama na gaba.