Ranar da Injiniya Ya Gyara Ɗakin Gumi

"Ni fa duk abin da ke cin wuta a duniyar nan, in na ji kukansa sau ɗaya na san ciwonsa. Manyan otal kuwa ai ɗakin kwanana ne. Wanne ne ban shiga ba?"

Mai wannan cika baki shi ne Injiniya Sanyi-Ƙalau, mai gyaran firji da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a wani shago wanda in mutum biyu suka shiga, sai ɗaya ya fita kafin ɗaya ya juya. Injiniyan shi ya raɗa wa kansa. Sanyi-Ƙalau kuwa maƙwabta suka ƙara masa, don ko rediyo ka kai masa, da ya gama zai bugi ƙirji ya ce, "Ɗauki abarka, yanzu ta yi sanyi ƙalau." A faɗi gaskiya, ya sha shiga otal. Amma ta ƙofar baya, inda ake sauke buhunan albasa. Ya kwanta ƙarƙashin firji, ya fito da maiƙo har kunne, a sallame shi ta inda ya shigo. Abin da ke gaban otal bai taɓa gani ba.

To, yayan matarsa yana da gidan burodi, gidan kuma ya bunƙasa: sabon tanderu na lantarki, injin kwaɓa fulawa, firji manya-manya. Yana neman mutum ɗaya da zai riƙe masa injinan nan, aiki na dindindin. Matar Injiniya ta yi zarya gidan yayanta har takalminta ya siɗe. Shi kuwa Yaya ba mai yawan magana ba ne. Abin da ya ce mata kawai, "Hannu kowa na da shi. Bari in ga hankalinsa tukuna."

Ana cikin haka wata mata da Injiniya ya gyara wa firji ta ba shi kyautar kati na mutum biyu, na sashen tausa da hutawa a wani babban otal. Ya juya katin gaba da baya, ya tuna Yaya na fama da ciwon baya tun zamanin da yake sungumar buhun fulawa da kansa. Nan take ya ga aiki ya zo hannu.

"Maman yara, shi ke nan. Zan kai Yaya inda manya ke hutawa, ya ga irin wuraren da nake hulɗa."

"Ka taɓa zuwa?"

"Ji wata tambaya!"

"Ni dai roƙona ɗaya. Ka bar kayan aiki a gida, ka bar bakinka a aljihu."

Ya ce to. Da ta juya baya ya soke testa da sukudireba a cikin safa.

Ku ji fa abin da ake yi a wurin nan. Mutum da bokitinsa da sosonsa a gida, ya ɗauki ƙafa ya je wani ƙato ya shafe shi da laka, ya murje shi kamar wanki, ya kuma yi godiya. Haka masu abin hannu suka ga dama, ba wanda ya isa ya hana su.

Suka isa. Wata mata mai karɓar baƙi ta tarbe su da murya ƙasa-ƙasa, kamar akwai jariri na barci. Aka ba su farar riga mai kaurin tawul da silifas, aka nuna musu inda za su ajiye kayansu. Injiniya ya ajiye komai ban da kayan safa, waɗanda suka koma aljihun farar riga.

Tun daga barandar farko ya fara girgiza kai. Fitilu sun yi dishi-dishi, ga kyandirori jere a ƙasa.

"Yaya, ka gani? Wutarsu ba ta da ƙarfi. Dubi babban wuri kamar wannan, sun koma kyandir."

"Na ɗauka ado ne," in ji Yaya.

"Haka za su ce mana. Ni da na san cikin abin, ba a yi mini wannan."

Aka zaunar da su a kujeru masu laushi. Mai tausa ya shigo, wani dattijo mai damtse kamar turmi, ya miƙo musu ƙananan tawul a faranti. Injiniya ya ɗauki ɗaya, ya yar da shi da sauri.

"Kai! Da zafi!"

"Eh, yallaɓai, ai shi ake..."

"Firjinku ya mutu ke nan. Gas ne ya tsiyaye. Tun yaushe yake haka?"

"Ba daga firji..."

"Bari, bari, kada ka kare su. Ba laifinka ba ne, kai ma ɗan aike ne."

Mai tausa ya ja da baya da farantinsa. An koya musu kada su yi gardama da baƙo. Yaya dai ya shimfiɗa nasa tawul a fuska ya yi ajiyar zuciya, ya ce wallahi da daɗi.

Can sai kunnen Injiniya ya tsaya. Cur-cur-cur. Ya waiga, ya ga bango guda na duwatsu, ruwa na gangarowa a kansa yana taruwa a wani ɗan kwalbati. Ya dafe kai.

"Inna lillahi! Bututu ya fashe a cikin bango, sun rasa mai gyara, shi ne suka jera duwatsu don kada a gane. Har da furanni! Yaya, ka ga abin da rashin ƙwararre ke jawowa. Wuri in ba shi da mutum irina, haka yake lalacewa."

Ya faɗi wannan yana satar kallon Yaya, ko saƙo ya isa. Yaya na ƙarƙashin tawul, yana jin daɗin ɗumi.

Mai tausa ya ce za a fara da babban yallaɓai, wato Yaya. Za a shafe masa baya da jiki da laka mai ɗumi, a naɗe shi ya ɗan kwanta, sannan a wanke da ruwan zafi a yi tausa. Ƙaramin yallaɓai kuma ya jira a nan, ko ya shiga ɗakin katakon can na ƙarshen baranda kafin a zo kansa.

"Na san shi," in ji Injiniya. "Kullum nan nake fara shiga."

Aka tafi da Yaya. Injiniya ya zauna, ruwa na ta cur-cur a kunnensa kamar ana zaginsa. Ya kasa haƙuri. Ya tashi ya bi bango yana ƙwanƙwasawa har ya samu wata ƙaramar ƙofa a bayan tukunyar fure. Ya buɗe, ga kan famfo ja, ƙato. Ya murɗe shi tamau. Ruwan bango ya tsaya cak. Ya karkaɗe hannu. Bai tsaya tambayar kansa ina da ina wannan bututu ke kai ruwa ba. Mai tambaya ai wanda bai sani ba ne.

Daga nan ya nufi ɗakin katako, yana tafe yana jan silifas kamar mai otal ɗin. Ya tura ƙofa.

Zafi ya mare shi a fuska.

Ya ja da baya, ya sake leƙawa. Ɗaki ne ƙarami, ba taga, ba fanka, benci hawa-hawa. A kusurwa ga wani akwatin ƙarfe cike da duwatsu yana huci. A benci na sama kuwa wani ƙaton mutum ne kwance da tawul a ƙugu, ido rufe, baki buɗe, gumi na bin tumbinsa kamar an kwara masa ruwa.

Duk shekarun Injiniya a sana'a bai taɓa ganin esi ya lalace haka ba. Ya ga wanda ya daina sanyi. Ya ga mai fitar da iska mai ɗumi. Amma wanda ya juye gaba ɗaya har yana gasa duwatsu, yau ya fara gani. Ga kuma rai na shirin fita.

"Bawan Allah! Kana ji na? Kada ka yi barci!"

Mutumin ya buɗe ido ɗaya. "Malam, rufe ƙofa, kana fitar da zafin."

"Ya fara sambatu," in ji Injiniya. Ya hangi bokitin katako da ludayi a gefe, ya sunkuta ya sheƙa wa mutumin a ka. Mutumin ya zabura yana salati. Injiniya ya cafke ƙafarsa ya jawo shi, tumbi na bugun benci hawa bayan hawa, har baranda. Ya cire tasa rigar yana yi masa fifita, daga shi sai gajeren wando.

"Sake ni! Wane ne kai? Mahaukacin ina ne wannan?"

"Za ka gode mini daga baya. Numfasa!"

Ya tokare ƙofar da silifas don iska ta shiga, ya bi waya da ido har akwatin wuta a bayan labule. Ya zaro sukudireba daga aljihun rigar da ya cire. Makunnai sun fi yatsunsa yawa, ba kuma wanda ya gane. Amma ga mutane sun fara leƙowa daga ɗakuna, Injiniya kuwa in ana kallonsa ba ya duba abu sau biyu. Ya kashe na farko, kiɗan da ke tashi a hankali ya mutu. Ya kashe na biyu, wata mata ta yi ƙara daga cikin kwamin wanka. Ya zura sukudireba bayan na uku. Fau! Wuta ta yi tartsatsi, ƙauri ya tashi, baranda ta yi duhu, sai kyandirorin nan da ya raina.

Ya koma ɗakin katako ya ɗaga hannu sama yana jin iska.

"Yawwa. Ku ba shi ɗan lokaci, zai yi sanyi ƙalau."

Manaja ya iso a guje da fitilar waya, ƙaton nan na biye da shi riƙe da tawul, yana rantsuwa sai an kira 'yan sanda.

"Wa ya taɓa akwatin nan?"

"Ni ne, kuma ba sai ka biya ni ba," in ji Injiniya. "Esinku ya kusa kashe mutum. Bututunku da ya fashe ma na rufe. Saura firjin tawul."

Manaja ya haska masa fitila a fuska.

"Yallaɓai, ɗakin gumi ne. Don zafin aka gina shi. Zafin nan shi muke sayarwa. Mutumin nan da ka jawo, takanas ya zo ya yi gumi."

"Ya biya kuɗi... don ya ji zafi?"

"Eh!"

"Ga rana a waje kyauta?"

Kafin manaja ya amsa, ƙofar ɗakin tausa ta buɗe. Wani abu ya fito, toka-toka tun daga wuya har idon sawu, hannuwa a buɗe kamar an shanya riga, yana tafiya taku ɗaya-ɗaya, laka na zubowa ɓaro-ɓaro. Matar da ta yi ƙara ɗazu ta sake yin wata. Yaya ne. Mai tausa na bayansa da kan shawa a hannu, busasshe ƙayau.

"Ranka ya daɗe," in ji mai tausa ga manaja, "ba ruwa, ba wuta. Lakar ta bushe a jikinsa."

Yaya bai dubi kowa ba sai mijin ƙanwarsa, wanda ke tsaye ba riga, sukudireba a hannu.

"Yaya, ai matsalar tun daga wayarin ɗinsu ne..."

"Yi shiru."

An buɗe famfo, ruwa ya dawo, amma tukunyar ruwan zafi ta ƙone tare da akwatin wuta. Da ruwan sanyi aka kankare Yaya, bokiti bayan bokiti, mai tausa na gurzar sa da burushi, ana jin haƙoransa na kaɗawa daga baranda. Mutumin da ya shigo da ciwon baya yana tafiya a miƙe, ya fita a duƙe kamar mai neman allura. Shi ne kuma ya tsaya ya ba ƙaton nan haƙuri, ya ba manaja haƙuri, ya ɗauki nauyin gyara, don kada a ce mijin ƙanwarsa ya kwana a hannun hukuma.

A mota ba wanda ya yi magana. Da mai hankali ne, da ya bar shirun nan ya kai su gida. Injiniya ya yi gyaran murya.

"Amma dai Yaya ka ga saurin hannu. Wani sai ya wuni bai gano akwatin ba. Maganar aikin nan namu..."

Yaya ya taka burki a hankali, ya juyo da wuyansa da ƙyar, ragowar laka na bayan kunnensa.

"Mijin ƙanwata, ka ga ɗakin da aka gina don zafi, ka gyara shi. Ni kuma duk arzikina tanderu ne. Sauka."

Ya sauka. Ya ƙarasa gida a ƙafa, yana shirya yadda zai ba da labarin ya fito shi ne gwani. Bai san Yaya ya riga shi da waya ba.

Ya tarar da matarsa a kicin, ta ɗora tukunya, ruwa na tafasa, tururi na tashi. Ba ta ce masa sannu da zuwa ba. Ya matso zai fara bayani, ya miƙa hannu wajen murhu don ya jingina. Ta yi wuf ta shiga tsakaninsa da tukunyar, ludayi a sama.

"Kul! Kada ka taɓa. Lafiyarta ƙalau, Injiniya. Da gangan na kunna."