Zakaran da Na Sa Aka Yi wa Shiru

Daga Zariya har Tibiri, babu mahalukin da ya kai ni sanin lambobin yabo na soja. Shekara ashirin ina tara su, kuma ba a taɓa musa mini ba, don babu wanda ya damu.

Wata rana na samo wata ta tagulla wurin mai gwanjo. Rubutun ya goge, sai hoton zakara da wata ’yar huda a gefe. Zakara tambarin Faransa ne, kowane ɗan lakol, wato ɗan makarantar boko, ya sani. Hudar kuwa, na yanke hukunci, harsashi ne. Na kai ta fadarmu ta shayi, na yi musu darasi kan jarumin da ya zubar da jininsa a yaƙin Turawa, har na sa aka yi masa shiru na minti ɗaya.

Cikin shirun ne Baba Ɗan Jimma, manomin Jiratawa da ke kawo mana albasa, ya miƙo hannu.

“Mushe,” ya ce, don haka ake kiran malamin boko a wurinmu, “ba ni in gani.” Ya juya ta sau biyu. “Ai ta wana ce. Zakaransa ya ciyo ta a gasar kiwon kaji.”

“Baba, dubi wurin harsashin.”

“Ƙusa ce. Ni na huda ta, muka rataye a akurki.”

Tun ranar sunana Kanal. In na doso fada sai a miƙe a sara mini, wani ya yi cara daga baya. Jarumin kuwa, da ƙaramar Sallah aka yanka shi.