Ranar da Ragona Ya Tunkuyi Motar Alhaji

Ba zan taɓa mantawa da daminar da aka ba ni ajiyar mota ba, kuma ko na so in manta, mutanen Magarya ba za su bar ni ba. Lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, da ke bakin gari, ina kwana a wani ɗan ɗaki cikin harabarta. Dukiyata a duniya ba ta wuce tsohon babur da wani ƙaton rago da nake kiwo ba, wanda na sa wa suna Kumandan saboda yadda yake tafiya yana ɗaga kai. Ina kuma neman auren Mariyama.

Mahaifin Mariyama ya rasu tun tana ƙarama, saboda haka maganar aurenta tana hannun babban wanta, Alhaji Laminu, mai sayar da motoci a Kwatano. Manyana sun je gaisuwa Yekuwa wurin mahaifiyarta, aka karɓe su da mutunci, aka ce sai Alhaji ya zo. Na yi ta jira har na fara ramewa. Sai ga bikin wani ƙanensu ya taso, Alhaji ya zo gida.

Ya zo ne da wata jar motar tsere mai ƙofa biyu da kujera biyu, ta kwanta ƙasa sosai har kaza ma sai ta duƙa kafin ta shiga ƙarƙashinta. In ya taka ta, tun daga tasha ake jin rurinta. Matsalar ita ce hanyar Yekuwa da damina yashi ne da taɓo, motar kuwa ko tudun gudoro, irin na kan kwalta, sai ta yi ƙara take hawa. Dole a bar ta a Magarya. Lakwal ɗinmu tana hutu, tana da ƙofar ƙarfe da rumfar kwano, sai aka ce a kawo ta wurina. (Daga baya na ji Mariyama ce ta kawo shawarar, wai don Yayanta ya ga ni mutum ne mai riƙon amana. Allah ya saka mata.)

Alhaji da kansa ya shigar da ita rumfa, ya lulluɓe ta da tampol, ya miƙo mini makulli.

"Mushe," ya ce, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu, "ga lakile. Zan shiga Yekuwa in kwaso tsofaffi. Asabar da safe zan dawo ɗaurin aure. In an watse sai mu zauna a kan maganarka."

Na durƙusa, idona a ƙasa, na ce, "To, ranka ya daɗe." Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa yi masa. Wanda ya san kunyar suruki ya san abin da nake nufi. Mutumin da yake matsayin uban yarinya ba a kallon idonsa, ba a cin abinci a gabansa, in ka hango shi a hanya ma shan kwana kake yi. Ni kuwa tawa ta fi ta kowa, ko sunansa aka ambata sai in ji gumi a tafin hannu.

Ba wanda ya ce in taɓa motar. Wannan ina so a sani. Amma washegari neman suna ya motsa mini, na yaye tampol, na kawo bokiti da sabulu. Na wanke ta, na goge, na sake gogewa, har baƙin gilashin ƙofa ya koma madubi. Da na ga fuskata a ciki sai na ce ai bai kamata a yi wannan aiki ba hoto ba. Na shiga ɗaki in sauya riga.

Ina fitowa na ga Kumandan ya tsinke igiya. Yana tsaye a gefen dama na motar, ya kafe ƙafafu, yana kallon wani rago a cikin gilashi, mai girmansa, mai ƙahonsa, mai irin rainin hankalinsa. Na ga ya fara ja da baya. Na san ma'anar wannan ja da bayan.

"Kumandan! Kai! Kai!"

Tas! Gilashin ya zube gaba ɗaya, ƙanana-ƙanana kamar gishiri, rabi a kujera rabi a ƙasa. Motar ta fasa ihu, fitilunta suna ƙiftawa. Na yi ta danna duk abin da ke jikin makullin, but ɗin baya ya buɗe, madubai suka naɗe, kafin Allah ya sa ta yi shiru. Kumandan kuwa ya girgiza kai ya koma cin ciyawa, ya kori abokin gaba.

Na zauna a ƙasa. Abu ɗaya ne yake yawo a kaina: mutumin da aka ba ajiyar mota a tsaye, a cikin rumfa, a lulluɓe, ya kasa, shi za a ɗauki 'yar mutane a ba shi?

Na kira Mariyama na faɗa mata. Sai na ji tana ƙoƙarin danne dariya.

"Ka kira Yaya ka gaya mishi mana."

"Ni? In kira shi in ce mishi me?"

"Ka ce rago ya fasa gilas. Ai ba kai ka tunkuya ba."

Magana ce mai sauƙi a bakinta. Ni da ban iya haɗa ido da shi ba, ta yaya zan ɗaga waya in kira shi kai tsaye, kuma da mummunan labari? In kuwa na aiki wani babba ya faɗa a madadina, kafin la'asar an ji a Magarya, kafin magariba an ji a Yekuwa. Na roƙe ta ta rufa mini asiri, na ce zan gyara. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a," da irin muryar da ake yi wa mai shirin tsallaka rijiya.

Na hau babur na zaga garejin garin kaf. Kowa na kwatanta wa motar sai ya kama baki. Wani ya ce ko Damagaram ba za a samu ba, wani ya ce Kano ma sai an yi odarsa daga waje, a jira watanni. Wani mai tausayi ya ba ni aron gilashin tsohuwar taksi, na ɗauko shi a cinya har lakwal, na kara a ƙofar, ya fi ta tsawo ya fi ta faɗi, kuma aka ce gilashin mota ba ya yankuwa, fashewa yake yi. Kwana biyu ban ci abin kirki ba. Ko babur na ji ya tsaya a bakin ƙofa sai gabana ya faɗi.

A nan ne na tuna da Ila. Ila abokina ne tun muna yara, shi yake rubuta allunan shaguna a gari, kuma tun da nake da shi ban taɓa jin ya ce bai iya abu ba. (Wannan kaɗai ya isa ya gargaɗe ni.) Ya zo ya duba ƙofar, ya yi tsaki.

"Wannan ne ya hana ka barci? Mushe, kana da ni kake wahala?"

Ya koma shago ya dawo da wani faffaɗan allo na roba mai kama da gilashi, irin wanda ake gani ta cikinsa. Ya ce ya riga ya kankare rubutun da reza, ya wanke da fetur. Na tambaye shi allon wane ne, ya ce na wani ne da ya bar gari. Ban ƙara tambaya ba. Ya auna ɗaya ƙofar da kwali, ya yanka robar da zarto, muka hura gawayi ya gasa ta a hankali har ta lanƙwasa, sannan ya manna mata baƙar leda ta ciki. Ya tokare ta da 'yan itace a cikin ƙofar, ya bi da gam.

Ranar tun safe hadari ne, ana yayyafi, rumfar kuma da duhu. Muka ja da baya muka duba. Wallahi ta yi kyau. Baƙa wuluk, ba ka bambanta ta da ta hagu.

"Ko wanda ya ƙera motar sai ya sa tabarau," in ji Ila. "Abu guda dai, kada a taɓa maɓallin saukewa."

Dabarata ita ce a wuce ranar Asabar lafiya, a yi maganar aure, daga baya in san yadda zan yi. Yadda zan yi ɗin ban san shi ba, amma na share gishirin gilashin tas, na mayar da tampol, na ɗaure Kumandan da igiya biyu a bayan ajujuwa.

Asabar gari ya waye garau, rana ta fito fes. Alhaji ya iso cikin farar shadda yana ƙamshi. Na yaye tampol da kaina, na tsaya a gefen dama na baza babbar rigata kamar mai shanya. Ya dubi motar ya gyaɗa kai.

"Har wanka ka yi mata? Madalla, Mushe. Shigo mu tafi tare."

Ban taɓa jin karramawar da ta tsorata ni irin wannan ba. Na buɗe ƙofar a hankali, wani abu ya yi gurnani a cikinta, na rufe shi da tari. Na zauna, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, kafaɗata tana jingine da aikin Ila.

Muka fito rana, muka ratsa gari a hankali saboda ramuka. Na san za a kalle mu, amma wannan kallon daban ne. Duk a gefena ake taruwa. Wata mai tuyar ƙosai ta rufe baki da gyale. Masu shayi suka miƙe suna nuna ni. Wani a kan babur ya bi mu yana ɗaga murya, "A ina za ku tsaya? A ina za ku tsaya?" Ni daga ciki ba na ganin komai a jikin robar sai dishi-dishi.

"Mutanen Magarya akwai son mota," in ji Alhaji, yana murmushi.

"Ƙwarai, ranka ya daɗe," na ce.

Muka tsaya a ƙofar gidan ɗaurin aure. An shimfiɗa tabarmi, dattawan Yekuwa da na Magarya sun cika wurin. Sai Baba Ɗan'azumi, ƙanen mahaifinsu, ya taso da sandarsa ya zo gefena, ya sunkuya, ya ƙwanƙwasa. Kafin in buɗe baki, Alhaji ya miƙa yatsa ya danna maɓalli don ya gaida baffansa.

Ƙofar ta yi nishi. Itace ya karye, ƙas. Robar ta yi tsalle ta faɗi a gaban takalman tsohon, ta bar ni a fili.

Baba Ɗan'azumi bai ko kula ba. Ya leƙo ta kaina, ya rage murya irin ragewar mai nauyin kunne, wadda ake ji har layin baya.

"Laminu, ashe ka koma saida magani? To ka aje mini kwalba guda."

Alhaji ya fita, ya zagayo, ya ɗauki robar ya ɗaga ta a rana. Daga inda nake zaune na karanta tare da kowa. Shekarun da allon ya yi a waje rana ta dusar da shi ko'ina, ban da inda fenti ya rufe. Yanzu da baƙar leda a bayansa, wuraren nan sai ƙyalli suke yi, harafi bayan harafi: MAGANIN BASIR DA CIWON BAYA. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe: A TAMBAYA A CIKI. Saboda waɗanda ba su yi lakwal ba kuma, ga hoton mutum a tsugune ya dafe ƙugu. Da wannan muka ratsa Magarya, ni ne kuma a ciki.

Na so ƙasa ta tsage. Na yunƙura in fita, kujerar ta yi ƙasa da yawa, rigata ta harɗe, sai da rarrafe na fito. Tun da na riga na kai ƙasa, sai na zauna a durƙushe.

"Ranka ya daɗe, rago ne."

Alhaji ya dubi allon, ya dube ni. "Ragon ne ya yi rubutun?"

Wurin ya fashe da dariya, har liman sai da ya sa hannun riga ya goge ido. A nan, a gaban duk wanda nake jin kunya a duniya, na kwashe labari na faɗa, tun daga bokiti har gawayi. Ban san yadda aka ɗaura auren nan ba. An ce an raba goro da dabino, ni dai ban ga komai ba sai tabarmar da ke gabana.

Da aka watse ya aika a kira ni zaure. Na shiga na tabbata sallamata za a yi. Allon yana jingine a bango kusa da shi.

"Mushe, gilas bai dame ni ba," ya ce. "Mota nake saidawa, kullum ana fasawa ana sakewa. Tambaya guda gare ni. In na ba ka ƙanwata, wata rana ta kwanta ciwo a gidanka, ni za ka kira ko Ila?"

Wannan ta fi dariyar ɗazu zafi.

Ya karɓi wayata ya sa lambarsa da hannunsa. Ya ce zai yi odar gilashin, kuma maganar aure ta tsaya sai ranar da aka sa shi. Kafin nan, kowace Juma'a ni zan kira shi, da bakina, ba ɗan aike, in tambaya ko ya iso. Motar kuma ya bar ta a rumfata, da taga a buɗe, wai in ci gaba da ajiya.

Kiran farko sai da na yi alwala. Na gaishe shi, na sake gaishe shi, ya ce, "Bai iso ba," ya kashe. A hankali muka fara taɓa hira, farashin gero, jikin mahaifiyarsu, halin Kumandan. Gilashin bai zo ba sai bayan an gama girbi. Wani mutum ya taho da shi daga Damagaram a cikin akwatin katako, ya kwance bangon ƙofar, ya zaro itacen Ila yana girgiza kai, ya sa sabon kafin shayinsa ya huce. Na danna maɓalli, ya sauka, ya hau. Na kira Alhaji ban jira Juma'a ba.

An ba ni Mariyama. Kumandan ne aka ci a walima, kuma ban yi masa kuka ba. Allon yana bayan kabad ɗinta har yau, takan fito da shi in na fara cika baki.

Abin da na koya shi ne, in ka fasa wa mutum abu, ka kwashi fasassun ka kai masa da hannunka, ka ji kunyarka a zaure, kai da shi. In kuwa ka nace sai ka liƙa wani abu a wurin, to ka fitar da shi rana ka karanta tukuna. A dangin matata dai sunana Dokta, kuma duk bikin da muka haɗu, Baba Ɗan'azumi sai ya ja ni gefe ya tambaye ni ko kwalbarsa ta iso.